Ƙafa da Ƙasa: Wa Ya Kamata Ya Tuɓe Takalmi?

Idan aka hangi magidanci da riga da hula yana tafe a titin Kano ko Damagaram ƙafarsa ba takalmi, ɗayan abu uku ake kawowa a rai: ko dai an ɗauke masa takalmin a ƙofar masallaci, ko babu ce ta yi masa katutu, ko kuwa kansa ne ba daidai ba. Da wuya wani ya ce ra'ayi ne. Amma a wasu ƙasashen da suka fi mu wadata, ra'ayin ne ya zama abin yayi. A Jamus akwai wuraren shaƙatawa da aka gina don wannan kaɗai, irin na garin Bad Sobernheim da aka buɗe a 1992, inda mutum zai ajiye takalminsa a bakin ƙofa ya bi hanya mai laka da tsakuwa da ciyawa har ya ratsa ruwa. A Koriya ta Kudu, a dutsen Gyejoksan na birnin Daejeon, an shimfiɗa jan yumɓu a hanya mai tsawon kilomita 14 da rabi, tsofaffi da matasa suna tururuwa su taka. A Niyu Zilan kuwa ba abin kallo ba ne a ga yaro a makaranta ko babba a kanti ƙafa a ƙasa. Masu wannan ra'ayi suna cewa takalmi ya raunana ƙafar ɗan Adam, likitocin ƙasashe masu zafi kuma suna cewa rashin takalmi ya nakasa miliyoyin mutane. Kowane ɓangare yana riƙe da hujja mai ƙarfi. Abin da nake so in nuna shi ne, saɓaninsu ya fi yawa a kan ƙasar da ake takawa fiye da ƙafar da ke takawar.

Bari a fara da ƙafar. Ƙasusuwa 26 ne a cikinta, da gaɓoɓi 33, da tsokoki da jijiyoyi fiye da 100. Ƙafafu biyu sun kwashe ƙasusuwa 52 daga cikin 206 da ke jikin baligi, kashi ɗaya bisa huɗu ke nan, kuma ba a tara wannan yawan gaɓoɓi a wuri guda don su zauna ƙiƙam ba. Lanƙwasar da ke tsakiyar tafin ƙafa tana lotsawa idan nauyi ya sauka a kanta, ta komo idan an ɗaga, da haka take taya mai tafiya tunkuɗa jikinsa gaba. Yatsu suna bajewa su riƙe ƙasa. Fatar tafin kuwa cike take da jijiyoyin ji, waɗanda ke sanar da ƙwaƙwalwa ko wurin da aka taka gangare ne, ko santsi gare shi, ko tauri, sai jiki ya gyara tsayuwarsa tun mai shi bai ankara ba. Takalmi mai kaurin ƙasa yana dusashe wannan ji, mai tauri kuma yana karɓe aikin da tsoka ya kamata ta yi. Duk wanda ya taɓa ganin hannun da maɗori ya kwance bayan ya yi wata biyu a cikin kara ya san yadda tsoka ke motsewa idan an hana ta aiki. Masu goyon bayan tafiya ba takalmi suna cewa abin da ke samun ƙafa ke nan, sannu a hankali, shekara da shekaru.

Maganar tasu ba ta tsaya a hasashe ba. A 1992 wasu likitocin ƙashi biyu a Indiya, Rao da Joseph, sun duba sawun yara 2,300 masu shekara 4 zuwa 13. Suka tarar cewa shimfiɗaɗɗen tafin ƙafa, wato wanda ba shi da lanƙwasa, ya kai kashi 8.6 cikin 100 a yaran da ke sa takalmi, amma kashi 2.8 kacal ne a waɗanda ba sa sawa. Abin lura a binciken shi ne matakan da ke tsakani: matsalar ta fi yawa a masu takalmi rufaffe, ta ragu a masu silifas da buɗaɗɗen takalmi, ta fi ƙaranci a marasa takalmi. Bayan shekara 25, a 2017, wasu masu bincike suka gwada yara da matasa 810 na Afirka ta Kudu da Jamus, suka ga waɗanda suka tashi ba takalmi sun fi lanƙwasar tafin ƙafa. Da aka gwada su a motsa jiki kuma, sun fi iya daidaita tsayuwa da tsalle, ko da yake masu takalmin sun fi su a gajeren gudu. A 2021 masu bincike a Jami'ar Liverpool suka sa manya suka yi wata shida suna harkokinsu cikin takalmi siriri mai lanƙwasuwa, wanda ya yi kusa da rashin takalmi, sai ƙarfin ƙafarsu ya ƙaru da kusan kashi 57 cikin 100. Mutanen da aka gwada ba su da yawa, amma sakamakon ya dace da na baya, ya kuma nuna cewa ƙafar baligi ma tana farfaɗowa idan an ba ta aiki.

Labarin da aka fi kafa hujja da shi shi ne na Abebe Bikila, sojan Habasha da ya ci gudun fanfalaki na kilomita 42 a gasar Olamfik ta birnin Rum a 1960 ba takalmi, cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16, ya zama baƙar fatar Afirka na farko da ya ɗauki zinare a gasar. Labari ne mai daɗin ji, amma mutum ɗaya ba ya isa hujja, don haka aikin Daniel Lieberman na Jami'ar Harvard ya fi shi nauyi. A 2010 shi da abokan aikinsa sun auna gudun mutanen Kenya da suka tashi ba takalmi da na waɗanda suka saba da takalmi, suka ga cewa na farkon sukan sauka a kan gaban tafin ƙafa ko tsakiyarsa, masu takalmi mai laushi kuwa dunduniya suke dokawa da ƙasa, kuma bugun da ke ratsa ƙashi a saukar farko ya fi tsanani a dokan dunduniya. A 2019 suka koma kan wata tambaya: shin kantar da ke fitowa a tafin mai yawo ba takalmi tana kashe ji? Suka tarar ba ta kashewa. Kanta tana kare fata, amma motsin ƙasa yana ratsa ta ya isa jijiya yadda ya kamata, saɓanin soson da ke ƙasan takalmi wanda ke shanye shi. Har a wajen masu ciwon gwiwa, binciken da aka yi a Shikago a 2006 ya nuna nauyin da ke sauka a gwiwa ya ragu da kusan kashi 12 cikin 100 sa'ad da suka yi tafiya ba takalmi, in aka gwada da takalman da suka saba sawa.

Sai dai ba lissafin likita ne ke sa mutum ya tuɓe takalmi da zarar ya shiga gida ba, daɗi ne. Sanyin daɓen ɗaki da rana tsaka, laushin rairayin tsakar gida bayan an yi yayyafi an share, damshin ƙasa bayan ruwan farko, duk ni'imomi ne da ba a saye da kuɗi, kuma wanda ƙafarsa ke kulle tun safe har dare ya yi asararsu. A ƙasa mai zafi akwai ƙarin riba, don ƙafar da ke shan iska ba ta jiƙewa da gumi ta yi wari, kuma ruɓewar tsakanin yatsu ta fi samun gindin zama a cikin safa da takalmi rufaffe. Al'adarmu ma ta riga ta ba ƙafa sarari mai yawa. Ana tuɓe takalmi a shiga masallaci sau biyar a yini, an kuma wanke ƙafar a alwala. Ana tuɓewa a gaban sarki da malami, suruki yana tuɓewa tun daga zaure, ba a hawa tabarma da shi. A Suratu Ɗaha an umarci Annabi Musa, alaihis salam, da ya cire takalmansa a kwarin Ɗuwa mai tsarki. Abu Dawuda ya ruwaito cewa an ga sahabi Fadalatu ɗan Ubaidu a Masar ba takalmi alhali yana riƙe da mulki, da aka tambaye shi ya ce Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yakan umarce su da su riƙa tafiya haka jefi-jefi. Malamai sun ɗauki wannan a matsayin horon rai, don kada jin daɗi ya sangarta mutum. A Bagadaza ma an yi Bishrul Hafi, mai gudun duniyar nan da ya shahara da barin takalmi. Taka ƙasa da ƙafa yana da alaƙa da ladabi da ƙanƙan da kai a wurinmu tun kafin wani ya auna lanƙwasar tafin kowa.

Ɗaya ɓangaren kuma yana farawa da tambaya mai sauƙi: in har ƙafa ta wadatu da kanta, me ya sa mutane a ko'ina suka ƙago takalmi tun ba a san kanti ko talla ba? A kogon Fort Rock na jihar Oregon a Amurka an tono takalman ɓawon itace da suka haura shekara 9,000, a wani kogo na Armeniya kuma aka samu takalmin fata mai shekara kusan 5,500. Nan gida, Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851 ya tarar takalman da dukawa ke ɗinkawa suna cikin manyan hajojin da fatake ke fita da su zuwa ƙasashe masu nisa. Imam Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa Manzon Allah ya kwaɗaitar da sahabbai su yawaita sa takalmi, ya kamanta mai takalmi da wanda ke bisa abin hawa. Kakanninmu sun san ƙarangiya da tsidau da ƙayar aduwa, sun san taɓon damina har suka sassaƙa dangarafai, sun kuma san rairayin bazara. A watan Afrilu, sa'ad da zafin iska ke haura digiri 40, rairayi da kwalta kan zarce 60, zafin da ke salar fatar ƙaramin yaro cikin ɗan lokaci. Babu wanda ya yaudare su, buƙata ce ta sa suka ɗinka takalmi.

Hujjar wannan ɓangare mafi nauyi ita ce cututtukan da ke shiga ta ƙafa, kuma a nan ya kamata a dakata a duba da kyau, domin mu ne muke zaune a inda suke. Akwai tsutsar ciki mai ƙugiya. Ƙwanta yana fita cikin bayan gidan mai ɗauke da ita, ya ƙyanƙyashe a ƙasa mai damshi da ɗumi, 'ya'yan da ido ba ya gani su huda fatar ƙafar wanda ya taka, galibi ta tsakanin yatsu inda babu kanta. Daga nan su bi jini zuwa huhu, su hau maƙogwaro a haɗiye su, su maƙale a hanji suna zuƙar jini. Sakamakon shi ne ƙarancin jini, da kasala, da tsumburewar yaro, da rashin fahimtar karatu, ga mai ciki kuma haɗari a kanta da abin da ke cikinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan biliyan 1.5 ke ɗauke da tsutsotsin cikin da ake samu ta ƙasa, wannan kuwa tana cikin manyansu. Ko Amurka ta sha fama da ita. A 1909 attajiri John D. Rockefeller ya ba da dala miliyan 1 don yaƙar ta a kudancin ƙasar, inda aka tarar kusan kashi 40 cikin 100 na yaran da aka gwada suna ɗauke da ita. Abu uku aka yi wa mutane wa'azi a kai: shan magani, haƙa masai, da sa takalmi.

A Sudan kuwa akwai maisitoma, cutar da ƙwayoyinta ke zaune a ƙasa su shiga jiki ta sukar ƙaya. Tana farawa da ɗan kumburi mara zafi, mutum ya yi sakaci da ita shekaru, har ta ci nama ta kai ƙashi, a ƙarshe sau da yawa sai an yanke ƙafar. Manoma da makiyaya take kamawa, a yankunan Jazira da Sinnar inda Hausawa da yawa ke noma, kuma yankin da take ya ratso Chadi da Nijar har Senegal. A 1991 aka kafa cibiyar bincikenta a Khartum, a 2016 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. A tsaunukan Habasha da arewa maso yammacin Kamaru akwai wani nau'in tundurmi da ba sauro ke kawo shi ba. Ƙananan ɓarɓashin jar ƙasar tsaunukan wuta ne ke ratsa fata shekara da shekaru har su toshe magudanan ruwan jiki, ƙafa ta kumbura ta yi kirci. Mutum kusan miliyan 1.5 ke fama da shi a Habasha kaɗai, rigakafinsa kuwa bai wuce takalmi da ruwa da sabulu ba. Ga jiga da ke shiga gefen farce ta yi ƙwai. Ga kuma kububuwa. Wanda ya san asibitin masu saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe ya san gadajensa sun fi cika a lokacin shuka da lokacin girbi, kuma mafi yawan saran a ƙafa ne, a jikin manomi ko makiyayi. A duniya, saran maciji yana kashe tsakanin mutum 81,000 zuwa 138,000 kowace shekara.

Birni ma bai tsira ba, da ƙusoshinsa da fasassun kwalabe da allurar da aka yar a juji da ruwan kwata, ga tetanos mai sandarar da jiki da ke bin raunin da ƙasa ta shiga. Sannan akwai ƙafar da ita kanta ba ta da lafiya. Ciwon sukari idan ya daɗe yakan kashe jijiyoyin ji ya rage gudun jini, mutum ya taka ƙusa ko garwashi bai sani ba, ƙaramin rauni ya zama gyambo, gyambo ya kai ga yanke ƙafa. Shi ya sa likitoci ke hana mai wannan ciwo tafiya ba takalmi ko da a cikin ɗakinsa. Tsoho mai rawar jiki shi ma ya fi faɗuwa a kan tayil mai santsi idan ƙafarsa ba takalmi ko safa ce kaɗai.

Dole kuma a faɗa cewa masu yayin tafiya ba takalmi sun yi wa hujjarsu lahani da zuzutawa. Bayan littafin Born to Run na Christopher McDougall ya fito a 2009, dubban masu gudu a Amurka da Turai suka yar da takalmansu dare ɗaya. Ƙafar da ta yi shekara talatin a kulle ba ta iya ɗaukar wannan nauyi farat ɗaya. A 2013 masu bincike a Jami'ar Brigham Young suka ɗauki hoton ƙafar masu gudun da suka koma takalmi siriri cikin mako goma, suka ga fiye da rabinsu da alamun rauni a ƙashi. A 2014 kamfanin Vibram, mai takalmin nan mai gidan yatsu biyar, ya amince ya biya dala miliyan 3.75 don kashe ƙarar da aka kai shi kan alƙawuran lafiyar da ya yi a talla. Ko binciken Lieberman ya samu gyara, don an auna mutanen Daasanach na arewacin Kenya, waɗanda su ma ba sa sa takalmi, aka ga yawancinsu da dunduniya suke sauka. Shi kansa Bikila da ya sake cin gasar a Tokiyo a 1964 da takalmi ya yi gudun, kuma ya rage fiye da minti uku a kan lokacinsa na Rum. Akwai kuma masu cewa wata wutar lantarki ce ke fitowa daga ƙasa ta shiga jiki ta tafin ƙafa, ta warkar da kumburi da hawan jini da rashin barci. Binciken da suke dogara da shi ƙanana ne, da yawansu kuma akwai hannun masu sayar da kayan da aka ce suna jawo wannan wuta. Mai hawan jini da ya ajiye maganinsa ya dogara da taka ciyawa yana wasa da ransa.

To ina gaskiya ta faɗa? Idan aka bi hujjojin masu takalmi ɗaya bayan ɗaya za a ga kowace tana nuna wani abu ne da ke cikin ƙasa, kashi ko ƙaya ko maciji ko ƙusa ko zafi, ko kuma ƙafar da ciwo ya riga ya taɓa. Babu ko ɗaya da ta nuna cewa lafiyayyar ƙafa tana cutuwa idan ta taka tsabtatacciyar ƙasa. Idan aka bi hujjojin ɗaya ɓangaren kuma za a ga babu ko ɗaya da ke buƙatar mutum ya ratsa kasuwa ko gona ba takalmi. Ƙarfin tsoka da daidaiton tsayuwa da daɗin sanyi duk ana samunsu a ɗaki da tsakar gida da farfajiyar masallaci da filin da aka share. Lakar da Bajamushe ke takawa a wurin shaƙatawa babu ƙwan tsutsa a cikinta, jan yumɓun Daejeon kuwa akwai masu kula da shi suna gyarawa suna yayyafa masa ruwa. Sun tsabtace ƙasar tukuna sannan suka tuɓe takalmin. A ganina amfanin tafiya ba takalmi gaskiya ne, amma matsakaici ne, yana kuma zuwa a hankali, cutar da ke cikin gurɓatacciyar ƙasa kuwa babba ce, wata ma ba ta da gyara. Mai hankali zai karɓi amfanin a inda babu haɗari, ya bar shi a inda haɗarin yake.

Wani zai ce duk wannan zancen ƙoshi ne, kuma cin fuska ne a yabi tafiya ba takalmi a ƙasar da almajiri ke bin kwalta da rana tsaka yana ɗingishi, ƙafarsa duk faso. Wannan suka tana da nauyi, kuma na yarda da mafi yawanta. Yaron nan yana taka mafi munin ƙasa a mafi munin lokaci, da rauni a buɗe, ba sabulu ba man kaɗanya, ba kuma da son ransa ba. Fason da ke dunduniyarsa ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta, ƙarfin tafin ƙafarsa kuwa ba zai maido masa jinin da tsutsa ta zuƙe ba. Duk wanda ya ɗauki binciken Harvard ya yi hujja da shi don kada ya saya wa ɗansa ko almajirinsa takalmi ya zalunce shi. Inda na rabu da masu sukar shi ne, ganin wahalar mara takalmi ya jefa wasunmu cikin kuskure na biyu, har takalmi ya zama ma'aunin wayewa. Sai ka ga jaririn da ko tsayuwa bai iya ba an cusa masa ƙafa cikin takalmi mai tauri don a nuna gidan akwai hali, alhali likitocin yara suna cewa mai koyon tafiya ya fi koyo ƙafa a ƙasa muddin wurin da tsabta. Talauci ya hana wancan yaro kariya, wadata kuma ta hana wannan motsi, kuma dukansu hakkinsu ne aka tauye.

Wani kuma zai ce tsakar gidan da nake yabo ita ma ba ta da tsabtar, don a ƙauyuka da unguwanni da yawa kaji da awaki suna yawo a ciki, yara suna tsugunawa a bayan ɗaki. Gaskiya ne, kuma wannan ne ya maida maganar kan masai. Ƙididdigar hukuma ta 2021 ta nuna mutum kusan miliyan 48 a Najeriya suna bahaya a fili. Muddin haka ne, tsutsa mai ƙugiya ba za ta ƙare ba ko da kowa ya sa takalmi, domin yaro yana zama a ƙasa ya yi wasa da hannu, wani nau'in tsutsar ma ta baki yake iya shiga. Takalmi yana rage kamuwa, maganin tsutsa da ake rabawa a makarantu yana rage yawanta a ciki, amma masai ne ke yanke hanyarta. Jihar Jigawa ta nuna abin mai yiwuwa ne, don a 2022 ta zama jiha ta farko a Najeriya da aka ayyana ta daina bahaya a fili. Gidan da ke da masai mai murfi, aka killace dabbobi aka share tsakar gida, yaransa za su iya tumurmusa a rairayi ba fargaba.

Saura tambayar da ɓangarorin biyu suka cika mantawa da ita, wato wane takalmin. Ba duka suke ɗaya ba. Sau-ciki mai matsattsen baki yana tattare yatsu har babban yatsa ya karkace gindinsa ya yi ƙullutu, matsalar da ta fi yawa a mata. Ƙwas-ƙwas yana tura nauyin jiki kan gaban ƙafa ya gajarta tsokar sha-raɓa. Takalmin makaranta na gwanjo da aka saya wa yaro yana aji uku ya ci gaba da sawa har aji biyar yana lanƙwashe masa yatsu a daidai shekarun da ƙashinsa ke ginuwa. Faden da baduku ke ɗinkawa kuwa, shimfiɗaɗɗe mai faɗin gaba, mai lanƙwasuwa da shan iska, ya yi kusa ƙwarai da abin da kamfanonin Turai ke sayarwa yanzu da tsada da sunan takalmin da ke barin ƙafa ta yi aikinta. Binciken Indiya na 1992 ma ya sa irinsa a tsakiya, ya fi rufaffe alheri ga tafin yaro. Amma shi ma yana da iyaka, don fade ko silifas ba sa tare haƙorin kububuwa ko ƙayar da ta soko ta gefe. Gona da daji sai takalmin roba mai tsawo har ƙauri, duk da zafinsa.

Hukuncina shi ne, a bar lafiyayyen yaro da babba su sake da ƙafarsu a gida da duk inda aka tabbatar da tsabtar ƙasa, wanda kuma ya daɗe a cikin takalmi ya fara da kaɗan-kaɗan, don ba a fafe gora ranar tafiya. Shugabannin makarantu su daina korar yaro don ya zo da buɗaɗɗen takalmi mai ɗauri a watan Afrilu, su fi damuwa da ko takalmin ya yi masa daidai. Mai ciwon sukari kada ya saurari kowa a kan wannan yayi, ya sa takalminsa, ya duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsunsa kowane dare. Malamin tsangaya da iyayen da suka kawo masa yara su ɗauki takalmi a matsayin larura irin allo da tawada. Mai hali kuma da ke neman inda zai sa sadakarsa bana, ya sayi takalman roba masu tsawo ya kai wa manoman ƙauyensu kafin a fara noman farko.